Tun da maigidana ya kira cikina salka, ni ke fara kashe fitila

Mai kula da zaure: Salamu alaikum jama'a. Wata ƴar'uwa daga nan Tawa ta turo wannan, ta ce a saka ba suna. Don Allah a yi magana da kamun kai, akwai iyayenmu a zauren nan. Wanda ya kawo batsa ko tallar magani zan cire shi. Ga saƙonta:

"Shekaruna 34, aurena shekara 13, ƴaƴa huɗu. Na ƙarshen aiki aka yi mini aka ciro shi, watansa goma yanzu. Maigidana ɗan bida ne, Abijan yake zaune, sau ɗaya yake zuwa a shekara ya yi wata biyu ya koma. Da ya zo bana, daren farko ina canza zane ya dube ni ya yi dariya ya ce, 'Kai, Maman yara, cikin nan ya zama salka.' Na san wasa yake. Ina jin ya ma manta ya faɗa. Ni kuwa tun ranar ban sake cire riga a gabansa ba. Ni ke fara kashe fitila, in wuta ta ɗauke har murna nake yi duk da zafin nan. In muna tare kuma hankalina ba ya wurin, yana kan cikina da tabon ɗinki da nankarwa, ina ta lissafin ko hannunsa ya kai wurin, ko ƙyama yake ji. Ba na jin daɗin komai, sai ƙagara a gama. Shi kuma ya fara cewa na canza, ko na daina son sa ne. Ƙanwarsa ta kawo mini wasu ƙwayoyi da wani mai a kwalba marar suna, ta ce in yi wata guda a kai in ga yadda zai rikice, in ba haka ba kishiya na kan hanya. Saura kwana ashirin ya koma. Ina mafita?"

Maman Nafisa: Allah sarki ƴar'uwa. Wallahi kamar ni kika rubuta wa. Ni nawa cewa ya yi nonona sun zama silifa, shekara shida ke nan, har yau in zan yi wanka sai na tuna.

Hajiya ta Konni: Ke ɗiyata, mi ad damuwa cikin wanga? Mu da munka haihu tara da goma ba mu mutu ba, mazanmu ba su gudu ba. Laihinku ne ɗiyan yanzu, kun bar ɗaurin ciki, kun bar wankan jego, kunun kanwa ma ku ce yana da wari. Mace sai da gyara. Ki yi lalle, ki yi turaren wuta, ki sha kunu ki cika, ki bar tunani.

Tanti ungozoma: Hajiya, ina gaishe ki, lalle da turare kam ba wanda zai ƙi. Amma wannan ai aiki aka yi mata, mai ɗinki a ciki ba a matse ta da zane tun farko, ba a kuma watsa mata tafasasshen ruwa. Ba sakaci ta yi ba.

Ƴar'uwa mai saƙo, bari in fara da kayan da aka kawo miki, don su ne na gaggawa. Ban ga ƙwayoyin ba, amma shekara ashirin ina aikin nan, abin da ake ba mata don su yi ƙiba kusan kullum biyu ne. Ɗaya siproheptadin, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan dezametazon, shi ne mugun. Magani ne mai amfani in likita ya rubuta don ciwo, amma in aka daɗe ana sha yana tara ruwa a jiki, ya kwashe kitse ya kai fuska da ƙeya da ciki, hannuwa da ƙafafu kuma su rame. Kin ji? Ciki. Wato abin da kike kuka a kansa shi zai ƙara. Bayan haka ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga garkuwar jiki ta yi rauni. Wadda ta daɗe a kansa ma ba a so ta yanke rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage mata kaɗan kaɗan, don yankewa kwatsam na iya kayar da mutum.

Man kuma, in na ƙarin haske ne, galibi akwai kilobetazol ko hidrokinon a ciki, wani har da makuri, wato zaiba. Kilobetazol sirantar da fata yake yi ya fito da nankarwa faffaɗa wadda ta fi ta haihuwa muni. A ɗakin haihuwa muna gane mai shafa shi, fatarta ba ta riƙe zare sosai, ɗinki ya daɗe bai warke ba. Can inda maigidanki yake, Kodebuwa, tun 2015 gwamnati ta hana sayar da irin waɗannan mayuka. Kuma kina shayarwa, ki tuna da yaron.

Sannan wani abu da ba a gaya wa mata: mai shayarwa sinadarin da ke kawo nono yana sama, na istirojin, wato sinadarin jikin mace, yana ƙasa, shi ya sa sha'awa kan ragu, ni'ima ta ja baya, wani lokaci har a ji zafi. Ba ciwo ba ne, ba asiri ba ne, yana komawa daidai. Akwai man sulɓi na ruwa a farmasi, ba sai da takardar likita ba. Gefen ɗinkin ya yi kamar ya mutu na wasu watanni shi ma sananne ne. Cikin kuma, naman tsakiya ne ke buɗewa in an yi ta ɗaukar ciki, akwai motsa jiki da ke taimakawa. Amma in kin ga wani kumburi na tasowa a cibiya ko kan ɗinkin in kin yi tari, ki je a duba.

Ramatu Siririya: Tanti ta faɗi gaskiya, ni ce shaida. Ni matsalata akasin taki ce. Tun ina budurwa ake ce mini tsinken tsire, dangin miji suka ɗora da cewa ɗansu ba ya ciyar da ni. Na sayi ƙwayoyin wurin masu tallar magani a tire, jika ɗaya da rabi na sati biyu. Wata uku kowa na yaba ni, kumatu sun fito, zanen da nake naɗe shi sau biyu ya koma daidai. Wata na bakwai na dubi madubi: fuska kamar faranti, wuya ya ɓace, ƙafafu kamar na balbela. Ga ƙishirwa, dare ɗaya in tashi fitsari sau biyar. Da na je likita aka ce sukari. Abin dariyar, ko na kuka, maigida cewa ya yi shi bai taɓa cewa in yi ƙiba ba, siririyar ya gani ya aura. Ke kina ɓoye ciki, ni ina ɓoye ƙashin wuya, kowace da abin da take kashe wa fitila.

Ɗan Adar 77: Ni fa ina ganin duk wannan ciwon waya ne. TikTok da Facebook suka kawo shi. Iyayenmu ba su san wani tunanin jiki ba, kuma sun zauna lafiya. Yanzu mace ta wuni tana kallon ƴan matan da suka gyara hoto da na'ura, dole ta raina kanta. Ku ajiye waya ku ga.

Zeinabu Yantala: Malam, waya ta ƙara wa wutar itace, amma ba ita ta hura ba. Ni mahaifiyata Bazabarma ce, ka tambayi duk wanda ya tashi a Yamai me ake nufi da hangandi. Tun kafin a san wayar hannu ake ɗura wa mace fura da kunu don ta yi jiki a ce mijinta ya iya riƙo. Ramammiya a zamanin iyayenmu ta sha gori har ta gode Allah. Bambancin kawai, da ma'auni ɗaya ne, ki yi ƙiba. Yanzu an haɗa mana biyu: ki cika ta baya da gaba, ciki kuma ya lafe kamar ba ki taɓa haihuwa ba. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace 7.6 ne! Wane ciki ne zai ɗauki bakwai ya koma na budurwa?

Kuma ka lura, mai saƙon nan ba ta ambaci waya ba. Mijinta ta ambata.

Ɗan Adar 77: To wasa ma ba za a yi da iyali ba ke nan?

Zeinabu Yantala: A yi mana. In ta ce maka sanƙonka na haska ɗaki ba sai an kunna fitila ba, a daren da ka dawo daga tafiyar shekara, sai ka yi dariya ka kwana da daɗi.

Abban Sadik: Zan yi magana ko da maza za su ce na tona asiri. Shekaruna 47, direba ne ni, Tawa zuwa Yamai. Zaman mota da cin dare sun fito mini da tumbi, har igiyar takalmi ba na iya ɗaurewa sai na riƙe numfashi. Shekara uku ban cire singileti a gaban uwargida ba. Sai kuma ƙarfi ya fara ja baya. Sau ɗaya abin ya faru, amma daga ranar duk dare da fargaba nake shiga ɗaki, fargabar kuma ita ke sake kawo shi. Na koma daɗewa a fada da gangan, muna shan shayi har ɗaya na dare, don in tarar ta yi barci. Ita kuma ta ɗauka wata nake nema, ta shiga sayen mayuka, ta fara fari. Ku duba fa: ni ina gudun kada ta ga kasawata, ita tana can tana ƙona fatarta don tana zaton ita ce ta kasa. Gida ɗaya, gado ɗaya.

Na sayi kwalaben nan na tasha masu hoton doki. Na farko ya yi aiki, na uku sai da na ji kaina zai tsage, zuciya na bugawa kamar ganga. Da na je likita aka auna, sukari da hawan jini duka. Likitan ya ce sukari yana cin ƙananan jijiyoyin jini da na ji, shi ya sa sau da yawa a shimfiɗa ake fara ganin alamarsa kafin mutum ya san yana da shi. Ya ce kwalaben nan da ake cewa na gargajiya ne, da yawa an zuba musu sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, ba awo, mai shan wasu magungunan zuciya in ya haɗa da shi jininsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Yanzu ina kan magani, ina tafiyar ƙafa bayan asuba. Tumbin yana nan, ragin kaɗan ne. Amma ranar da na buɗe baki na gaya wa uwargida, kuka ta yi, ta ce da ta sani da ba ta ɓata kuɗinta da fuskarta ba.

Maman Nafisa: Abban Sadik, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa jin namiji ya faɗi irin wannan ba.

[An cire saƙo ɗaya]

Mai kula da zaure: Na ce ba talla. Mai "haɗin matan Agadas" ta fita.

Malam Ɗan Tsangaya: Allah ya ce a Baƙara, aya ta 187, mata tufa ne ga mazansu, maza kuma tufa ne ga matansu. Aikin tufa rufe abin da mutum ba ya so a gani. Wanda ya zama shi ne mai nuna wurin da yatsa ya saki aikinsa. A Hujurati, aya ta 11, an hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ba a ce ban da matarka ba. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa. Saboda haka gyaran da Hajiya ta ambata haƙƙi ne, amma a kan kowa yake. Mu maza mu riƙa tambayar kanmu da wane wari muke shiga ɗaki.

Hajiya ta Konni: Wagga magana ta Malam kam ta yi. Wani sai ya taho da warin taba da zuhwa ya ce mace ba ta gyara.

Hadiza ɗalibar jami'a: Ina karatun halayyar ɗan Adam a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma abin da Yaya ta kwatanta, jikinta na wurin hankalinta na gefe yana duba ta, sananne ne. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Masters da Johnson, sun bayyana shi tun 1970: mutum ya koma ɗan kallon kansa a lokacin da ya kamata ya kasance cikin abin. Hankali ba ya iya aiki biyu a nan. In yana gadin ciki kada a taɓa, ba zai ji daɗin taɓawar ba. Tsoro kuma yana sa jiki ya ɗaure, jijiyoyin jini su tsuke, ga mace ni'ima ta ƙi zuwa, ga namiji ƙarfi ya ƙi. Labarin Yaya da na Abban Sadik abu ɗaya ne.

Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne yadda mutum ke ganin jikinsa ya fi kilo nawa yake yi tasiri a kan jin daɗin aurensa. Akwai mai ƙiba da ke sakewa, akwai mai dirin da kowa ke yabo amma a takure take.

Inna Mai Cuku: Ɗiyata mai karatu, ban yi lakwal ba, jikata ke rubuta mini, amma abin da kika faɗa na gan shi. Shekaruna 58, al'ada ta ɗauke mini ina da hamsin. Alhaji ya yi amarya ƴar talatin. Shekarar farko ko madubi ba na so, ranar girkina in kwanta da zane biyu in juya baya. Sai na lura amaryar, da duk ƙuruciyarta, ita ce kullum cikin shafe-shafe da tambayar ko ta yi baƙi, ko ta rame. Na ce ashe ba a gamawa. Na saki raina. Yanzu furfurata ko rini ba na yi mata. Abin da ya dame ni na gaske bushewa ce da zafi, na daɗe ina jin kunyar faɗa, sai wata ungozoma sa'ar ɗiyata ta ba ni shawara, abin ya yi sauƙi. Ranar girkina Alhaji ya fi daɗewa yana hira. Kada a ce tsohuwa ba ta da ra'ayi a maganar nan.

Tanti ungozoma: Inna, kin kyauta. Yawancin mata tsakanin 45 da 55 al'ada ke tsaya musu, istirojin ya ragu, wurin ya bushe. Yana da magani. Abin da nake roƙo kawai a daina cusa kanwa, alif da ƙulle-ƙullen da ba a san me ke ciki ba da sunan matsi. Ƙuna suke yi, su buɗe wa ciwo ƙofa.

Baiwar Allah: Ni an cire mini nono ɗaya shekara biyu da suka wuce, ciwon daji. Tsumma nake naɗewa in cusa a rigar nono in zan fita biki. Wata takwas ban bar shi ya ga wurin ba. Ranar da ya gani ba shiri, ina shafa mai ya shigo ɗaukar caja. Na rufe da hannu. Ya zauna bakin gado ya ce, "Wannan tabon ne ya bar mini ke." Bai ƙara komai ba, ya ɗauki cajarsa ya fita. Ba zan ce komai ya koma kamar da ba, akwai daren da har yanzu da riga nake kwana.

Bazawara mai aji: Ku yi haƙuri in ɓata muku daɗin labari. Ba kowane namiji ne mijin Baiwar Allah ba. Ni na gaya wa nawa maganar da ta yi mini ciwo, sai ya mai da ita sanda, duk faɗa sai ya jawo ta. Da ita ya sake ni a baki kafin ya rubuta takarda. Ƴar'uwa, kada ki nuna masa inda ke miki zafi. Ki yi kwalliyarki, ki daure kwana ashirin, ya tafi.

Zeinabu Yantala: Ta daure bana, baɗi fa? Ya riga ya fara zargin ta daina son sa. Zai koma Abijan da wannan a ransa wata goma, ga ƙanwa na zuga.

Bazawara mai aji: In ta faɗa ya ce ta cika mita fa? Kin san su.

Abban Sadik: Mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo. Ta ce wasa ya yi, ta ce yana tambayar me ya canza. Mai tambaya bai kai wanda kika aura ba, Hajiya, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Shawarata kada ta faɗa a shimfiɗa, kada kuma ta fara da "ka ce". Da rana, yara ba sa nan.

Ɗan Adar 77: Na karanta duka. Ni dai har yanzu ina kan batun waya. Amma akwai sunan da nake kiran madam da shi tun tana amarya, yau zan tambaye ta ko yana mata daɗi.

Ramatu Siririya: Wane suna?

Ɗan Adar 77: Buhun gero.

Ramatu Siririya: Ba sai ka tambaya ba Malam.

Mai kula da zaure: Bayan kwana tara, mai saƙo ta sake turowa:

"Na gode wa kowa, har da Yaya bazawara, don maganarta ta sa na yi kwana huɗu ina juyawa. Na kai ƙwayoyin farmasi, dezametazon ne kamar yadda Tanti ta ce. Ban sha ko ɗaya ba. Shekaranjiya ina ɗaure masa kilishi da cuku na tafiya, yara sun tafi makarantar allo, na gaya masa. Wallahi bai tuna ba, sai da na maimaita masa kalmar. Ya yi shiru har na yi nadamar faɗa. Can ya tashi ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan kwali, ashe baƙin rini ne. Ya ce duk shekara a Yamai yake kwana ɗaya ya rine gemu da kai kafin ya shigo motar Tawa, kada in ce ya dawo tsoho. Shekara biyar yana yi ban sani ba. Bai ce in yi haƙuri ba, shi ba ya faɗin haka, amma da yamma ya sayo mini atamfa. Fitila dai ni na kashe jiya ma, sai dai na bar tagar a buɗe, akwai farin wata.

Yanzu matsalata ƙanwarsa. Ta aiko jiya wai kuɗin kayanta jika goma sha biyar, ni kuwa ban ce ta sayo ba. In mayar mata da su ne in ce ba na so, ko in biya in zubar a masai don a zauna lafiya?"

Hajiya ta Konni: Ki maida mata abinta, ɗiyata. Amma ki bari sai ya tahi.

Tanti ungozoma: In kin mayar wata za ta sayar wa. Ni dai a ba ni su.